Sharan mai gas tana yanke ƙarfi in ta ɗauki lodi: dole sai an canza tobo?

Mai_Sharan_Jega ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ogogi masana injin gas, shawara nake nema kafin in fitar da kuɗi. Motar Volkswagen Sharan ce, 1.9 TDI, ƙirar 2002, lambar inji AUY, mai giyar hannu. Jigilar fasinja take yi tsakanin Birnin Kebbi, Jega da Yauri.

Da safe tana tashi lafiya, sulo ba rawa, a cikin gari kuma ba ka jin komai. Amma in ta cika da fasinja da kaya aka hau babban titi, na saka giya ta huɗu ko ta biyar na taka totur zan wuce tirela, sai ta ja da ƙarfi na ɗan lokaci, daga nan ƙarfin ya yanke. Ko na danne totur har ƙasa ba ta wuce 80 zuwa 90. In na faka na kashe na sake tayarwa, ƙarfin ya dawo cif, har sai na ƙara matsa mata. Baƙin hayaƙi kaɗan ne in na taka, babu shuɗi, babu fari. Baƙin mai tana ci, amma bai wuce rabin lita tsakanin juye da juye ba.

An cire tiyon da ke gangarawa intakula, wato mai sanyaya iskar da ke shiga inji, an ga maiƙo a ciki, a kan haka aka ce tobo, wato na'urar da ke hura wa inji ƙarin iska, ya mutu, in nemi na Beljiyam. Ba a sa mata kwamfuta ba. Shin wannan maiƙon ya isa hujja? In ba tobo ba ne, daga ina za a fara dubawa? In kuma shi ne, me za a yi don kada sabon ya bi sahun tsohon? Na gode.

Bakaniken_Gas_BK ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Riƙe kuɗinka tukuna. Tobon da ya mutu ba ya farfaɗowa don an kashe makulli an kunna. Tunda ƙarfi yana dawowa cif bayan ka sake tayarwa, fankokin tobon suna juyawa kuma suna hura iska. Ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ita ce take yanke ƙarfin da gangan, saboda matsin iskar da ta nema da wanda sensa ke nuna mata sun yi hannun riga. Da ta ga haka sai ta rage gas ta saki tobon don kada inji ya lalace, kuma ba ta sake yarda sai an kashe an kunna.

Maiƙon da aka nuna maka ba hujja ba ne. Tiyon numfashin inji, wanda ya fito daga murfin tof, wato kan inji, yana zuba tururin mai a bututun da ke shiga tobo, tobon kuma ya hura shi zuwa intakula. Duk TDI da ta kwana biyu za ka tarar da cikin tiyonta da danshin mai. Cokali ɗaya ko biyu a ƙasan intakula ba komai ba ne. Abin tsoro shi ne a cire tiyo mai ya zubo ya kai rabin kofi ko fiye, ga shuɗin hayaƙi, ga ma'aunin mai yana sauka kowane mako. Kai ba ka faɗi ko ɗaya daga ciki ba.

Ka san yadda tobon AUY yake aiki, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi. A ɓangaren hayaƙi akwai 'yan fukafukai da suka kewaye fankar, dukkansu rataye a zobe ɗaya. In juyin inji yana ƙasa sai su tsuke hanya, hayaƙi ya fito da gudu ya bugi fanka, tobo ya tashi da wuri. In juyi ya hau sai su buɗe don kada matsi ya wuce kima. Mai motsa zoben wani gwangwani ne a jikin tobon mai sanda, kuma zuƙo ne ke jan sa, wato a zuƙe iskar da ke cikinsa, ba matsi ba. Zuƙon yana fitowa daga famfon da ke gefen tof, wanda shi ne kuma ke ba birki, ya bi ta bawul ɗin N75 da ƙwaƙwalwa ke sarrafawa. Duk inda aka samu cikas a wannan layin, alamar da ka faɗa ce za ta fito.

Fara da siraran tiyoyin zuƙo, masu rigar zare ɗin nan. Zafin manifol, wato bututun da ke kwasar hayaƙi daga inji, da na bazara suna busar da su, su tsage a baki ko su huje inda suke gogar ƙarfe, kuma rigar zaren tana ɓoye tsagar. Kada a tsaya neman ɓarakar, a sayi sabon tiyo mai faɗin ciki milimita 3.5 a canza su duka, ɗaya bayan ɗaya, don kada a haɗa na N75 da na N18, wanda shi na EGR ne, bawul ɗin da ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji. N75 yana da baki uku: ɗaya daga famfo, ɗaya zuwa gwangwanin tobo, na uku kuma na shaƙar iska ne, yana tafiya wajen akwatin filtar iska. Wannan na ukun mutane ke mantawa da shi. In ƙurar hunturu ta toshe shi, ko an bar shi a reto zanzaro ya yi gini a ciki, zuƙo ba zai saku ba, fukafukai su zauna a tsuke, matsi ya haura, ƙwaƙwalwa ta yanke.

Daga nan a hau rami, domin tobon a bayan inji yake, ta ƙasa ake ganin sa da kyau. Mutum ɗaya ya tayar da mota, ɗaya ya zuba wa sandar ido. Da inji ya tashi ya kamata a ga an ja ta har hannun ya dangana da ɗan notin tsayawa, tafiyar kusan santimita ɗaya. A sulo a zare tiyon daga gwangwanin: sandar ta koma nan take, sumul. A mayar: ta sake jawuwa. In tana tafiya tana cijewa, ko ta maƙale a tsakiya, ko ta koma a hankali, fukafukan ne suka cushe. In ba ta motsa ko kaɗan, a sa yatsa a bakin tiyon. Akwai zuƙo amma ba motsi, robar cikin gwangwanin ta yage ko tsatsa ta cinye shi. Babu zuƙo, a koma baya zuwa N75 da famfo.

Mai famfon zuƙo na hannu mai agogo zai fi samun gaskiya. Sandar ta fara motsi a wajen milibar 100 zuwa 170 (milibar ma'aunin matsi ne, 1,000 su ne bar ɗaya), ta kai ƙarshe a kusan 600, allura kuma ta tsaya minti guda ba ta sauka ba. Lafiyayyen famfon mota yana ba da kusan 800 ko fiye a sulo. In babu wannan kayan aikin, babban sirinji mai mil 50 da guntun tiyo zai nuna maka ko gwangwanin yana riƙe zuƙo, ko da ba zai ba ka lamba ba. Ka lura kuma ko birkinka ya fara tauri, don layinsu ɗaya.

Roƙona ɗaya: kada ka bar kowa ya taɓa notin da ke jikin sandar ko notin tsayawa. A masana'anta aka saita su da na'ura. Wanda ya ce zai ƙara maka ƙarfi ta nan, sabuwar matsala zai haɗa maka a kan tsohuwa.

Mai_Kwamfuta_Argungu ya rubuta:

Oga ya gama magana a kan zuƙo, sai dai ni da na so a sa kwamfuta tun kafin a kwance ko tiyo ɗaya, domin yanke ƙarfi iri biyu ne kuma direba ba ya iya bambanta su daga kujera. Ko matsi ya yi yawa, ko ya gaza. Lambar da ƙwaƙwalwa ta ajiye ce ke raba gardama. In ka ga 17965, wato P1557, matsi ne ya wuce abin da aka nema. In 17964 ce, wato P1556, gazawa ya yi. Wasu na'urorin P0234 da P0299 za su nuna maka, ma'anarsu ke nan bi da bi. A rubuta lambar kafin a goge. Gogewa ba gyara ba ce.

Ƙaramar na'urar karanta lamba ba ta isa ba, ka nemi mai VCDS, manhajar kwamfuta ta binciken motocin Volkswagen. Kafin a tayar da inji, makulli a kunne, a buɗe rukuni na 010, ɗaya daga shafukan awo na manhajar, a kwatanta matsin sararin waje da abin da sensar matsi ke karantawa. A nan ƙasar Kabi duka biyun za su zauna kusa da milibar 980 zuwa 1,000, kuma su yi kusa da juna. In sun yi nisa, sensar ce ke ƙarya, ko wayarta, kuma tobo ba shi da laifi. Tana kan bututun iska bayan intakula, a cire ta a wanke mai da kunkunniyar da suka lulluɓe ta, a duba fulogin.

Sai a hau titi mai sarari, mota ta yi zafi, wani yana riƙe da kwamfuta a rukuni na 011. Giya ta uku ko ta huɗu, daga juyi 1,500 a danne totur har ƙasa zuwa 3,500 ko 4,000. Lamba biyu ake kallo: matsin da ake nema da wanda ake samu. Ka tuna da matsin sarari a cikin lissafin, don haka 2,000 a allo na nufin kusan bar ɗaya ne tobo ya ƙara. A lafiyayyar mota na biyun yana ɗan haura na farkon na daƙiƙa ɗaya ko biyu sannan ya dawo ya bi shi. In ya haura ya ƙi saukowa, fukafukai ba sa buɗewa. In yana jan ƙafa a ƙasa, ko zuƙo bai isa ba, ko iska na zurarewa, ko hayaƙi ba ya samun hanya.

Zurarar iska ta fi yawa a mahaɗar bututu, inda kilif ke riƙewa, da jikin intakula da tsakuwa ta buga. Alamarta wuri ya jiƙe da mai ƙura ta manne, da huci in an taka totur, da baƙin hayaƙi mai yawa, saboda gas ya shiga iskar da za ta ƙone shi ta gudu. Gwajinta: a toshe bututun ta bakin tobo da ta bakin manifol, a hura iska kimanin bar ɗaya, a bi mahaɗa da ruwan sabulu. Kada a jona tiyon mai faci kai tsaye ba abin rage matsi, tankinsa ya ninka abin da intakula za ta ɗauka.

A duba rukuni na 003 ma, na sensar iska da ke bayan akwatin filta. A cikakken totur wajen juyi 3,000 ya kamata ta kai 800 ko sama. In tana tsayawa a 500 ko 600 ta gaji. Sai dai ita rashin ƙarfinta na kullum ne, ba ya tafiya don an kashe an kunna, shi ya sa ban fi zargin ta a motarka ba. Yadda ka ce tana fara ja da ƙarfi sannan ta yanke, 17965 nake sa ran gani.

Mai_Sharan_Jega ya rubuta:

Allah Ya saka da alheri, ogogina. An sa VCDS, 17965 ce ta fito. A kan titi tana neman wajen milibar 2,200, abin da ake samu kuma ya haura 2,500 ya zauna can har ta yanke. Sensar matsi da ta sarari sun yi daidai kafin a tayar. An canza siraran tiyoyin duka, bakin N75 na uku a buɗe yake, gwangwanin yana riƙe zuƙo. Amma sandar tana cijewa a tsakiya, in an zare tiyo sai an taɓa ta da sukudireba take komawa.

Abu biyu kuma da ban faɗa ba. Allurar zafi ba ta kai 90, an duba an tarar babu tamostat a motar. Filtar iska kuma hurawa ake yi wajen mai faci a mayar. Wani ya ce a fesa maganin wanke murhun gashi ta bakin salansa ba sai an sauke tobo ba, wani ya ce a toshe EGR a huta. Me kuka gani?

Tsohon_Hannu_Yauri ya rubuta:

Ɗana, wagga matsala ta fito fili, fukafukai ne kunkunniya da tsatsa suka riƙe. Tobonka wanki yake so, in dai shaf ɗinsa lafiya yake, kuma shi za a fara dubawa kafin a ɓata lokaci.

Inji a kashe ya huce, a cire tiyon da ke shiga tobo daga filta, a haska fankar alminiyon. Bakin fukafukanta ya kasance da kaifi, ba lanƙwasa, ba ɓalli. In ka ga bakin ya dakushe ya yi gurzau, ƙura ce ta ci shi. A kama notin tsakiya da yatsu biyu a girgiza sama da ƙasa. Ɗan motsi kaɗan ba laifi ba ne, domin shaf ɗin a kan bushi yake iyo cikin mai, in ba matsin mai dole ya ɗan yi wasa. Sharaɗin shi ne fanka kada ta taɓa bango. A tura ta gefe a juya, in ka ji karta ko ka ga zane a bangon, ta gama. Sannan a ja ta ciki da waje. Nan bai kamata ka ji komai ba, abin da aka yarda da shi bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. In kana jin ƙwas-ƙwas, bushin da ke tare ta ya cinye. Tobon da ke kukan jiniya in an taka, yana hawa da sauka tare da juyi, galibi fankarsa ta riga ta taɓu.

In shaf lafiya, a sauke tobon. A wanga inji haɗe yake da manifol ɗin hayaƙi, tare suke fitowa. A jiƙa notuna da WD-40 ko gas su kwana, don karya ɗaya a jikin tof aiki ne na daban. Da an cire bututun mai a toshe ramukan biyu da tsumma mai tsabta. Kafin a raba gidan hayaƙi da tsakiyar tobon a yi alama da abin karta a kan yadda suke zaune. A kwance notunan kewaye, a dinga bugu a hankali da guduma mai taushi ana zagayawa, ya fito a miƙe. In ya fito a karkace fankar hayaƙi za ta lanƙwashe, shi ke nan an kashe lafiyayyen tobo da hannu. A ɗauki hoto da waya kafin a ɗaga zoben, a adana 'yan naɗe-naɗen da yake gudu a kansu, ƙanana ne, suna ɓata a ƙasar gareji.

A kankare kunkunniya da burushin waya, a bi fuskar da fukafukan ke gogawa da samfefa mai laushi har tsatsar da ta kumbura ta kwanta, a wanke a busar. Yawanci tsatsar ƙarƙashin zoben ce ke matse shi, ba kunkunniyar da ido ke gani kaɗai ba. Kada a shafa giris ko baƙin mai. Hayaƙin wurin yana kai digiri 600 zuwa 800 a kan lodi, duk abin da aka shafa gawayi zai koma. A mayar, hannun sandar ya faɗa gurbinsa a zoben, ɗan fegin ya shiga raminsa. Kafin a ɗora a mota a motsa hannun da yatsa, ya tafi ya dawo ba cijewa, sannan a gwada da famfon hannu a ga lambobin da Oga ya faɗa. Notin fanka ba a kwance shi. Abin da ke juyi sama da 150,000 a minti, da na'ura aka daidaita nauyinsa, ba a gareji ba.

Maganin murhu da aka ce a fesa, soda ce mai ci. Takan saki zoben na ɗan lokaci, amma ba ta cire tsatsa, kuma in ta kai ga alminiyon ko ta shiga wajen bushi ɓarna take yi. Ga motar haya mai neman abinci kullum, ban ba da shawararta ba.

Sai mi ya tara kunkunniyar, don in ba a tare shi ba wankin ba zai daɗe ba. Na farko tamostat ɗin da aka cire. Na wanga inji a digiri 87 yake buɗewa, kuma injin gas da ba ya kai zafinsa ba ya ƙone gas da kyau. Masu cirewa suna cewa ƙasarmu da zafi, alhali in mota na ɗaukar zafi lagireto ko fanka ko famfon ruwa ne ke da laifi. A mayar da shi. Na biyu barin mota a sulo a tasha ana jiran fasinja. Na uku jan lodi a giya ta biyar juyi na ƙasa da 1,500, inda fukafukai ke zama a tsuke wuri ɗaya ba sa motsawa. Na huɗu nozul da ya gaji da gurɓataccen gas na bakin hanya. Mai kwamfuta ya duba maka rukuni na 013 a sulo, a ga ko akwai silindar da ta fita daban da 'yan'uwanta.

Bakaniken_Gas_BK ya rubuta:

Baba ya faɗi gaskiya. A kan EGR, ni ban ce a toshe ba. A kwance shi da manifol ɗin shigar iska a kankare su a ƙasa, ba a jikin inji ba, don dunƙulen da ya faɗa silinda yana iya lanƙwasa bawul. In yana rufewa da kyau a bar shi. Wanda ya maƙale a buɗe ne ke sace hayaƙin da tobo ke buƙata ya kuma cika mota da baƙin hayaƙi.

Hura filta a daina. Iskar mai faci tana yaga takardar a inda ido ba ya gani, ƙura ta wuce kai tsaye zuwa fankar da ke gudun da Baba ya faɗa. A hunturu a buɗe akwatin duk sati biyu, in ta cika a canza, a goge ƙasan akwatin, a tabbata murfin ya zauna kuma robar gefen filtar ta kama. Toshewarta ma illa ce: tobo yana zuƙa bai samu iska ba sai ya jawo mai daga cikinsa, a ce ya fara zubar da mai alhali filta ce.

Wannan ya kawo ni ga tambayarka ta ƙarshe, in shaf ɗin ya gaza gwaji dole a canza. Duba farantin da ke jikin naka ka sayi mai lamba ɗaya, don a AUY ana samun Garrett ana samun KKK, kuma kayan cikinsu ba sa shiga juna. Ford Galaxy da Seat Alhambra na wannan zamanin masu inji ɗaya tobonsu ɗaya ne da naka, wannan zai faɗaɗa maka kasuwa. Na Beljiyam a yi masa gwajin shaf da na sanda a gaban mai shago kafin a biya, don shi ma yana iya zuwa da fukafukai a cushe. In gidan hayaƙinka bai tsage ba, sabon katirij, wato tsakiyar da fankokinta biyu, ya wadatar, muddin ya zo da shaidar an daidaita nauyinsa.

Mafi yawan sabon tobo da ke mutuwa da wuri mai ne ke kashe shi. Siririn bututun da ke kawo masa mai yana bin kusa da manifol, mai yana dahuwa a ciki ya zama gawayi, hanya ta tsuke. A sa sabo, da sababbin wosha, kada a dogara da hurawa. Bututun da ke mayar da mai ƙasa a tabbata a buɗe yake ba lanƙwasa, domin da nauyinsa kawai man ke gangarawa, in ya samu cikas sai ya taru ya tsallake zoben shaf ya shiga salansa ko intakula. Haka in ringi sun gaji inji na huci da yawa, ko an cika mai ya wuce alamar sama. Gam kada ya kusanci ramukan mai, gasket kaɗai, guntunsa ɗaya ya isa ya toshe hanyar bushi. In ana shakkar famfon mai a ɗaura agogo: mai da zafin digiri 80, juyi 2,000, kada matsin ya gaza bar 2. In ya gaza a sauke kaskon mai a duba rariyar famfo.

A yi juye da sabuwar filta. Injin AUY mai nozul masu famfo a jikinsu ne, mai lambar VW 505.01 yake so, galibi 5W-40, kusan lita huɗu da rabi, a ƙarasa da ma'auni. Man da ake aunawa daga duro ba a san asalinsa ba yana cin kamshaf ɗin wannan injin kafin ma ya kai ga tobo. Da ƙurarmu da zafinmu da lodin haya, ni kilomita 5,000 zuwa 7,000 nake ba da shawarar juye.

Kafin a ɗaura bututun sama a zuba sabon mai a ramin tobon a juya fanka da yatsa. A zare zagayayyen fulogin nozul da ke gefen tof don kada inji ya tashi, a buga sitata daƙiƙa 10 zuwa 15, sau biyu ko uku ana hutawa, har fitilar mai ta mutu. A mayar da fulogi, a tayar, a bar ta a sulo minti biyar ba taka totur, ana duba yoyo. Lambar da zare fulogin ya jawo a goge ta.

Mai_Kwamfuta_Argungu ya rubuta:

Ƙari ɗaya da ya shafi rai, Malam. Duk lokacin da tobo ya zubar da mai, ko aka canza shi, a sauke intakula a zubar da abin da ke ciki a wanke ta ta bushe sarai, da tiyoyinta. Injin gas yana iya cin baƙin mai a matsayin gas. In sabon tobo ya huro man da ya kwanta a ƙasan intakula, inji zai haura da kansa, hayaƙi ya turnuƙe, ka zare makulli ya ƙi mutuwa. Motarka tana da wata ƙofa a bakin manifol da ke rufe iska in an kashe makulli, to amma da zuƙo take aiki, don haka a tabbata tiyonta na nan kuma tana motsi. In hakan ta faru a hanya, tunda giyar hannu ce: kashe makulli, taka birki da ƙarfi, saka giya mafi girma, saki kuloci gaba ɗaya, inji zai shaƙe ya mutu. In a gareji ne tiyo a cire, a rufe bakin iska da katako mai faɗi, ba tafin hannu ba, ba tsumma ba. Bayan nan kada a sake tayarwa sai an gano inda man ya fito.

In an gama wankin an ɗora, a maimaita gwajin rukuni na 011 a giya ɗaya da titi ɗaya da na farko, a ga layin biyu suna tafiya tare. Da safe ka ba ta rabin minti zuwa minti ɗaya kafin ka motsa, kada ka matsa mata sai allura ta fara hawa. In ka shigo tashar Yauri daga doguwar tafiya da lodi ka bar ta a sulo minti ɗaya zuwa biyu kafin ka kashe, don man da ke cikin tobo kada ya dahu a tsaye. Kan hanya kuma in za ka wuce tirela da cikakken lodi ka sauko giya ta huɗu, juyi ya haura 2,000, sannan ka taka, a haka zoben ke samun cikakkiyar tafiyarsa daga tsukewa zuwa buɗewa. Ka turo mana lambobin 011 da na 013 bayan gyaran mu duba.